Gardamar Maguɗi a Zaɓen Tarayya na 1964 da Zaɓen Jihar Yamma na 1965

Gabatarwa

Ranar Laraba, 30 ga watan Disamba 1964, aka yi zaɓen 'yan Majalisar Wakilai ta Tarayya, wanda shi ne babban zaɓe na farko da 'yan Nijeriya suka shirya da kansu bayan samun mulkin kai a 1960. A wancan zamani ƙasar tana da manyan jihohi huɗu, watau Jihar Arewa, da ta Gabas, da ta Yamma, da ta Yamma ta Tsakiya, sai kuma Ikko, babban birnin Tarayya. A Arewa an fita an jefa ƙuri'a. A Gabas ba a yi zaɓen ba sam. A Ikko an farfasa rumfunan zaɓe, a Yamma kuwa wasu suka fita, wasu suka zauna a gida. Da aka gama ƙirga abin da aka jefa, sai ɓangare ɗaya ya ce shi ya ci, ɗayan kuma ya ce ai ba a yi zaɓe ba, balle a yi maganar wanda ya ci. Ƙasar ta yi kwanaki ba a san wanda zai kafa gwamnati ba.

Kowane ɓangare ya zargi ɗan'uwansa da razana masu zaɓe da yin maguɗi, kuma kowanne yana da shaidun da zai kawo. Wanda ya bi tarihin gardamar a tsanake zai lura da abu biyu. Na farko, mafi yawan maguɗin an gama shi tun kafin ranar jefa ƙuri'a, kuma da kayan aikin hukuma aka yi shi. Na biyu, lokacin da gardama ta yi tsanani ba a sami wani mai raba ta wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi ba, ko hukumar zaɓe, ko kotu, ko Shugaban Ƙasa. Wannan rashi shi ya mai da rigimar zaɓe ta zama rigimar da ta ci gwamnatin farar hula ta farko.

Ƙidayar Jama'a da Rabon Kujeru

Tushen gardamar yana cikin ƙidayar jama'a, domin bisa yawan mutane ake raba kujerun Majalisar Wakilai, kuma kowace jiha tana hannun jam'iyya ɗaya. Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ita ke mulkin Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. NCNC ke mulkin Gabas a ƙarƙashin Dr. Michael Okpara, da Yamma ta Tsakiya a ƙarƙashin Dennis Osadebay. A Yamma kuwa Cif Samuel Ladoke Akintola ne Firimiya. Saboda haka duk jihar da ta fi yawan mutane a takarda, jam'iyyarta ce za ta fi ƙarfi a Ikko.

An yi ƙidaya a 1962, gardama ta tashi a kan alkalumanta, aka soke ta. Aka sake wata a 1963, wadda aka bayyana sakamakonta a watan Fabrairu 1964. Ta ba Nijeriya mutum miliyan 55.6, daga ciki Arewa tana da miliyan 29.8, Gabas miliyan 12.4, Yamma miliyan 10.3, Yamma ta Tsakiya miliyan 2.5. Dr. Okpara ya ce an yi aringizo, gwamnatinsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron maganar. Bisa waɗannan alkaluma aka raba kujeru 312 na Majalisa kamar haka: Arewa 167, Gabas 70, Yamma 57, Yamma ta Tsakiya 14, Ikko 4.

Ma'anar wannan rabo a fili take. Jam'iyyar da ta riƙe Arewa baki ɗaya tana iya mulkin Tarayya ko da ba ta sami kujera ɗaya a Kudu ba. Su kuma jam'iyyun Kudu ba su da hanyar kafa gwamnati sai sun kwashe kujerun Kudu, sa'an nan sun ciro wasu masu yawa daga Arewa. Don haka ne filin daga na wannan zaɓe ya zama wuri biyu, watau Arewa, inda 'yan hamayya ke neman kutsawa, da Yamma, inda NPC ke neman abokin da zai tare mata hanya.

Ƙawance Biyu

Tun daga 1959 NPC da NCNC ke cikin gwamnatin haɗin gwiwa a ƙarƙashin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma rigimar ƙidaya ta ɓata tsakaninsu. A cikin 1964 jam'iyyun ƙasar suka rabu gida biyu. A gefe guda akwai ƙawancen UPGA, wanda ya haɗa NCNC da jam'iyyar AG ta Cif Obafemi Awolowo, da 'yan hamayyar Arewa, watau Jam'iyyar Neman Sawaba, NEPU, ta Malam Aminu Kano, da UMBC ta Joseph Tarka mai ƙarfi a ƙasar Tibi. Shi Awolowo yana kurkuku tun da aka yanke masa ɗaurin shekara goma a 1963 bisa laifin shirya kifar da gwamnati, don haka Alhaji Dauda Adegbenro ke riƙe da jam'iyyar. A ɗaya gefen akwai ƙawancen NNA, wanda ya haɗa NPC da sabuwar jam'iyyar Akintola mai suna NNDP, da wasu ƙananan jam'iyyu masu hamayya da NCNC a Gabas da Yamma ta Tsakiya, irin su jam'iyyar Dr. Chike Obi.

Abin lura a nan shi ne, kowane ƙawance yana da gwamnatin jiha biyu a hannunsa, kuma kowanne yana da ƙananan abokai da ke zaune a ƙarƙashin mulkin abokin gabansa. Waɗannan ƙananan jam'iyyu su ne suka fi shan wuya, kuma da kukansu ne manyan suke kafa hujja a jaridu.

Yadda Ake Zaɓe a Zamanin

Kafin a fahimci zargin da aka yi, sai an san yadda ake gudanar da zaɓe a lokacin. Kowane ɗan takara yana da akwatinsa dabam, an manna masa alamar jam'iyyarsa. Alamar NPC fartanya ce, ta NEPU tauraro, ta NCNC zakara, ta AG bishiyar kwakwa, ta NNDP kuwa hannu. Ana jera akwatunan a cikin wani ɗan ɗaki ko rumfa da aka killace. Mai zaɓe zai karɓi takardar ƙuri'a a waje, ya shiga shi kaɗai, ya jefa ta a akwatin da yake so. Ba a yin wata alama a jikin takardar. A Arewa maza kaɗai ke zaɓe, mata ba su sami wannan dama ba sai a 1976.

An yi wannan tsari ne don sauƙaƙa wa wanda bai iya karatu ba, amma yana da ƙofofin ɓarna. Tun da babu mai ganin abin da ake yi a cikin rumfa, mutum yana iya shiga da ƙuri'u da yawa a aljihu ya zuba su a akwati ɗaya, muddin ya sami mai ba shi su. Yana kuma iya fitowa da tasa ƙuri'ar bai jefa ba, ya sayar wa wakilin jam'iyya, ko ya miƙa ta ga wanda ya tsorata shi. Bugu da ƙari, akwatin ɗan hamayya abu ne da ake iya lalatawa ba tare da an taɓa na sauran ba.

Ita kuma Hukumar Zaɓe ta Tarayya tana da shugaba, Mista Eyo Esua, wanda ya daɗe yana sakataren ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya, da wakili daga kowace jiha da Ikko. Amma hukumar ba ta da isassun ma'aikata nata na kanta a ƙauyuka da garuruwa. Jami'an da ke karɓar takardun tsayawa takara, da masu lura da rumfuna, da masu bayyana sakamako, ana aro su ne daga ma'aikatan gwamnatocin jihohi da na hukumomin gargajiya. Watau mutumin da aka ɗora wa yin adalci tsakanin jam'iyyu, albashinsa da ƙarin girmansa suna hannun ɗaya daga cikinsu.

Razana Masu Zaɓe

A Arewa hukumar da talaka ya sani ita ce En'e. Ita ke da 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidajen yari, ita ke yanka haraji ta hannun hakimai da dagatai, kuma daga wurinta ake neman izinin yin laccar siyasa. Manyan ma'aikatan En'e da yawa su ne kuma shugabannin NPC a lardunansu. Tun daga shekarun 1950 'yan NEPU suke kuka cewa ana hana su izinin taro, ko a ba su fili a bayan gari inda ba mai zuwa, kuma ana gurfanar da su gaban alƙali bisa laifin zagin shugabanni ko yin taro ba izini. A kotun alƙali doka ba ta yarda lauya ya tsaya wa kowa ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya tana cikin waɗanda aka ɗaure sau da dama a kan irin waɗannan tuhume-tuhume. A 1959 NEPU ta ci kujera 8 a Majalisar Tarayya, AG da abokanta suka ci 25 a Arewa, amma a zaɓen Majalisar Jihar Arewa na 1961 kujera ɗaya tak NEPU ta samu. 'Yan NPC suka ce wannan alama ce ta cewa jama'a sun juya wa 'yan hamayya baya. 'Yan NEPU suka ce alama ce ta cewa an ƙara matse su.

A lokacin yaƙin neman zaɓen 1964 UPGA ta yi ta kai ƙara cewa ana tare wa jagororinta hanya a garuruwan Arewa, ana hana su masauki, ana kama 'yan takararta da lauyoyin da ta aiko. NPC ta amsa da cewa baƙi ne ake kwasowa daga Kudu su zo su zagi sarakuna su ta da fitina, kuma wajibin En'e ne ta kiyaye zaman lafiya. A ƙasar Tibi abin ya wuce cacar baki. Can jama'a suna goyon bayan UMBC, En'e kuwa tana tare da NPC, kuma an riga an yi tarzoma a 1960. A 1964 ta sake ɓarkewa, ɗaruruwan mutane suka mutu, har Gwamnatin Tarayya ta aika da soja a watan Nuwamba, ana saura 'yan makonni a yi zaɓe.

A Yamma kayan aikin suna da wasu sunaye, amma aikinsu iri ɗaya ne. Akwai 'yan sandan ƙananan hukumomi, da kotunan gargajiya, da masu yanka haraji, da duba-gari. Gwamnatin Akintola ta rushe majalisun ƙananan hukumomi da jama'a suka zaɓa, ta naɗa kwamitocin riƙo daga cikin magoya bayanta. Ɗan AG yana iya wayar gari ya ga an ninka masa haraji, ko an kai shi kotu a kan ƙazantar gida. Su kuma 'yan NNDP suna tunatar da jama'a cewa AG ce ta fara amfani da waɗannan hanyoyi lokacin da take mulkin jihar. A Gabas ma ƙananan jam'iyyun da ke cikin NNA sun yi kukan cewa ana tarwatsa musu taro, kuma garin da ya bi 'yan hamayya yana iya rasa hanya ko famfo.

Ban da hukuma, kowace babbar jam'iyya tana da matasa masu raka shugabanninta, waɗanda Hausawa ke kira 'yan banga. Ana cewa an aro kalmar ne daga wata kalmar Ingilishi mai nufin masu shiga gaba. Da farko aikinsu tsaron taro ne, daga baya ya zama tarwatsa taron wasu. Bambancin kawai shi ne, ɗan bangar jam'iyya mai mulki in ya fasa kan mutum ya san ba za a kama shi ba, na 'yan hamayya kuwa ko tsayawa ya yi a bakin hanya yana iya kwana a gidan yari. A watan Oktoba 1964 Firayim Minista ya tara shugabannin jam'iyyu a Ikko, suka yi alkawarin barin kowa ya yi lacca a ko'ina ba tsangwama. Alkawarin bai canja kome a ƙauyuka ba. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

'Yan Takarar da Suka Wuce Ba Hamayya

Abin da ya fasa ƙwai shi ne maganar tsayawa takara. Doka ta ce mai son tsayawa sai ya karɓi takarda daga jami'in zaɓe na mazaɓarsa, ya sami masu tsaya masa daga cikin waɗanda sunansu ke cikin rajistar mazaɓar, ya biya kuɗin ajiya, ya mayar da takardar kafin ranar rufewa. In mutum ɗaya kaɗai ya cika waɗannan sharuɗɗa, to, ya ci ba sai an jefa ƙuri'a ba. Da aka rufe karɓar takardu a watan Disamba, sai aka bayyana cewa fiye da 'yan takara 60 na NPC a Arewa sun wuce ba hamayya. A Gabas ma an sami 'yan NCNC da suka wuce ta wannan hanya, ko da yake ba su kai yawan na Arewa ba.

UPGA ta ce ta tanadi 'yan takara a waɗannan mazaɓu, amma wasu an tsare su, wasu an tsorata masu tsaya musu har suka janye, wasu kuma sun yi ta neman jami'in zaɓe bai bayyana a ofis ba sai da lokaci ya wuce. NPC ta ce jam'iyyar da ta kasa samun mutanen da za su tsaya wa ɗan takararta a gari guda ba ta da bakin cewa an zalunce ta. Shi kansa Mista Esua ya yarda a bainar jama'a cewa an sami wuraren da ba a bi ƙa'ida ba wajen karɓar takardu. Hukumar tasa ta rabu bisa layin jihohi, wasu daga cikin wakilanta suka yi murabus.

Wannan ita ce hanyar maguɗi da ta fi kowace wuyar kamawa. Ƙuri'ar bogi ana iya ƙirga ta a nuna wa alƙali. Amma mutumin da bai sami miƙa takardarsa ba, babu sunansa a ko'ina, babu akwatinsa, kuma masu goyon bayansa ba su da inda za su nuna yawansu.

Ƙauracewa da Kwanakin Zullumi

Tun ranar 10 ga Disamba Shugaban Ƙasa, Dr. Nnamdi Azikiwe, ya yi jawabi ta rediyo yana gargaɗin cewa in 'yan siyasa sun ƙudura raba ƙasar, gara su zauna su raba ta cikin lumana, don in ba haka ba abin da ya faru a Kwango zai zama wasan yara. Da ranar zaɓe ta matso, ya nemi Firayim Minista ya ɗage shi. Sir Abubakar ya ƙi, ya ce sa ranar zaɓe aikin hukumar zaɓe ne. Daga nan UPGA ta umurci magoya bayanta su ƙaurace.

Ƙauracewar ba ta tafi bai ɗaya ba. A Gabas, inda gwamnatin jiha ke bayanta, ta yi tasiri sosai. A Yamma ta Tsakiya Osadebay ya canja shawara, aka yi zaɓe, NCNC ta ci. A Yamma kuwa janyewar 'yan AG ta buɗe wa NNDP hanya, ta sami kujera 36 daga 57. A Arewa NPC ta sami 162 daga 167, Malam Aminu Kano ya rasa kujerarsa ta Kano.

Tsarin mulkin 1963 ya ce Shugaban Ƙasa zai naɗa Firayim Minista daga cikin 'yan Majalisa, wanda ya ga alamar mafi yawansu za su bi. Dr. Azikiwe ya ƙi kiran Sir Abubakar, har ya shirya jawabin da ke nuna ya gwammace ya sauka da ya amince da sakamakon. Ya kira shugabannin soja da na 'yan sanda, watau Manjo-Janar Welby-Everard, Baturen da ke shugabancin sojan ƙasa, da Kwamanda Wey na sojan ruwa, da Sufeto-Janar Louis Edet. Bayan sun nemi shawarar masana shari'a, suka sanar da shi cewa bisa doka daga gwamnatin Firayim Minista suke karɓar umurni. Babban Jojin Tarayya, Sir Adetokunbo Ademola, da Babban Jojin Gabas, Sir Louis Mbanefo, su suka shiga tsakani. Ranar 4 ga Janairu 1965 Dr. Azikiwe ya kira Sir Abubakar ya kafa gwamnati, bisa sharaɗin za ta haɗa ɓangarori, za a yi zaɓe a wuraren da ba a yi ba, kuma mai ƙorafi ya tafi kotu.

An yi ragowar zaɓen ranar 18 ga Maris 1965. A ƙarshe NPC tana da 162, NNDP 36, NCNC 84, AG 21, 'yan hamayyar Arewa 4, 'yan takara masu zaman kansu 5. NCNC ta koma cikin gwamnati, NNDP ta sami ministoci, AG da NEPU da UMBC aka bar su a waje. An sasanta manya, amma ba a binciki ko ɗaya daga cikin zarge-zargen ba, ba a kuma gyara tsarin da ya haife su ba.

Zaɓen Jihar Yamma

Ranar 11 ga Oktoba 1965 aka yi zaɓen Majalisar Jihar Yamma mai kujera 94. 'Yan AG sun ɗauke shi a matsayin damar da ta rage musu, shi kuwa Akintola ya san in ya faɗi, ƙawancensa da NPC ya rushe. Duk dabarun da aka gani a 1964 suka dawo. An bayyana 'yan NNDP 16 sun wuce ba hamayya, bayan da jami'an zaɓe a wasu mazaɓu suka karɓi takardun ɓangare ɗaya suka ɓace. An kama mutane da takardun ƙuri'a tun kafin a buɗe rumfuna. Aka kuma ƙara wata sabuwa, watau ɗan takara ya ga an ƙirga ƙuri'a a gabansa ya yi rinjaye, sa'an nan ya ji rediyon Badun ta faɗi sunan abokin hamayyarsa.

Sakamakon hukuma ya ba NNDP fiye da kujera 70. UPGA ta ce ita ta ci 68, kuma gidan rediyon Jihar Gabas ya yi ta yaɗa nata alkaluman. Alhaji Adegbenro ya bayyana kafa gwamnatin riƙo, aka kama shi. Aka gurfanar da marubuci Wole Soyinka bisa zargin ya shiga gidan rediyon Badun da bindiga ya sa an canja faifan jawabin Firimiya, amma Mai Shari'a Kayode Eso ya sallame shi. Majalisun garuruwa a Gabas suka hana sayar da jaridun da suka buga sakamakon hukuma, na Yamma suka rama a kan jaridun da ke goyon bayan UPGA. Ta haka mutumin Inugu da mutumin Badun kowanne ya zauna da nasa sakamakon. Mista Esua ya sake fitowa ya ce an tafka ɓarna a zaɓen, amma ba shi da ikon warware ta.

Jim kaɗan bayan zaɓe aka rage farashin koko da kusan rabi, abin da ya ƙara fusata manoma. Tarzoma ta bazu a garuruwa da ƙauyuka, ana zuba wa gidaje da motoci da mutane fetur ana cinna wuta, abin da aka yi wa laƙabi da “wetie”, watau jiƙa shi. Ɗaruruwan mutane suka hallaka. A 1962, saboda faɗan da aka yi a zauren Majalisar Yamma, Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dr. Moses Majekodunmi ya riƙe jihar. A 1965 ta ƙi yin haka, 'yan hamayya kuwa suka ce dalili shi ne wannan karon abokinta ne a kan kujera. Ana cikin wannan hali aka yi taron ƙasashen Kwamanwel a Ikko kan maganar Rodeshiya. Ranar Asabar, 15 ga Janairu 1966, wasu hafsoshin soja suka yi juyin mulki, suka kashe Sir Abubakar, da Sardauna, da Akintola, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari.

Rashin Mai Raba Gardama

Sau da yawa an ce wa masu ƙorafi su tafi kotu, to, me ya hana su gamsuwa da wannan? Amsar tana cikin abin da ya faru tun 1963. A shari'ar da aka yi tsakanin Adegbenro da Akintola kan wane ne halastaccen Firimiyan Yamma, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe da ke Ingila ta ba Adegbenro gaskiya. Nan da nan aka gyara tsarin mulkin jihar, aka mai da gyaran baya yadda hukuncin ba zai yi aiki ba. A tsarin mulkin jamhuriya na wannan shekara aka daina kai ƙara Ingila, aka kuma soke hukumar da ke ba da shawarar naɗa alƙalai, naɗin ya koma bisa shawarar Firayim Minista da Firimiyoyi. Daga nan ɗan hamayya ya ɗauka cewa ko ya ci shari'a ana iya canja doka a ƙwace masa.

Haka sauran wuraren da ake iya kai kuka. Hukumar zaɓe wakilan jihohi ne, kowanne yana kallon gida. 'Yan NPC suna ganin Shugaban Ƙasa a matsayin tsohon shugaban NCNC, 'yan UPGA suna ganin Firayim Minista a matsayin mataimakin shugaban NPC. Jaridu da gidajen rediyo kowanne yana da uban gida. Har ila yau, faɗuwa zaɓe a lokacin hasara ce mai girma, domin gwamnatin jiha ke da hukumar sayen amfanin gona, da kwangila, da guraben karatu, da rance. Wanda ya faɗi ya san abin da zai same shi, don ya ga abin da ya sami AG bayan 1962.

Kammalawa

Gwamnatocin soja da suka biyo baya sun rushe yawancin kayan aikin da aka yi amfani da su a 1964. An karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e aka mai da su na Tarayya, aka mai da kotunan alƙalai ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, aka raba manyan jihohi huɗu zuwa 12 a 1967, aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976. A zaɓen 1979 aka bar tsarin akwati ga kowane ɗan takara, aka koma takarda ɗaya mai ɗauke da alamun jam'iyyu wadda ake dangwala wa yatsa. Duk da haka, a watan Agusta 1983 gardamar sakamakon zaɓen gwamna ta sa an ƙone gidaje an kashe mutane a Akure ta Jihar Ondo. A wannan karon kotu ta mayar wa Cif Michael Ajasin kujerarsa, amma ranar 31 ga Disamba na shekarar soja suka sake karɓar mulki.

Tarihin 1964 da 1965 ya nuna cewa kowane ɓangare ya faɗi gaskiya a kan abin da aka yi masa, ya kuma yi shiru a kan abin da ya yi wa wasu a inda yake da iko. Nauyin laifin bai zama ɗaya ba, domin abin da aka yi a Yamma a 1965 ya wuce duk abin da aka gani kafinsa. Amma manomin Tibi, da ɗan NEPU da ya kwana a gidan yarin En'e, da mai sayar da koko a ƙasar Ijebu, da ɗan ƙaramar jam'iyya a Gabas, abu ɗaya aka hana su, watau damar su sauke wanda ke mulkinsu ba tare da an zub da jini ba.